Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarakunan Hausawa, Limamai da Shugabannin Kasuwanni na Legas Kan Shanyewar Ɓarin Jiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago da sauran zangunan Ikko. Allah ya gafarta malamai, limaman masallatanmu na Juma'a da na hamsu salawati. Ina gaishe da shugabannin 'yan goro, 'yan gwari, mahauta, 'yan canji da direbobi, da fatan Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Ni ɗanku ne, a Agege aka haife ni, a nan kuma nake neman abincina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a kan baffana, da kuma abin da na koya a watannin da na kwashe ina jinyarsa. Na rubuto muku ne domin na lura cewa idan ciwo ya kayar da Bahaushe a Legas, kafin a nemi likita ku ake fara nema, kuma abin da kuka faɗa a wannan sa'ar shi ake yi.

Baffana ya haura shekara 30 yana sayar da goro a Agege. Wata safiya, bayan an idar da sallar asuba, yana zaune a kan tabarma a ƙofar shagonsa, sai kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi bin umarninsa. Bakinsa ya karkace, yawu ya fara zuba ta gefe ɗaya, kuma duk abin da aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: "To, to." Nan da nan jama'a suka taru, kowa da ƙaunarsa, kowa da shawararsa. Wani ya ce iska ce ta buge shi, tunda kullum da duhu yake fitowa. Wani ya kawo ruwan rubutu aka ɗura masa da cokali, ya ƙware har idonsa ya yi ja. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce a haɗa kuɗin mota a kai shi gida, domin ciwo irin wannan ba na asibiti ba ne, kuma gara mutum ya cika a gaban danginsa. Sai bayan la'asar muka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, kuma tambayar farko da likitan da aka tura mu wurinsa daga baya ya yi mana ita ce: da ƙarfe nawa abin ya fara? Da muka faɗa masa, bai ce komai ba, amma na ga amsar a fuskarsa.

Abin da ya sami baffana shi ne abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki, kuma tushensa yana cikin kai, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. A duka biyun sashen da abin ya shafa yana fara mutuwa cikin mintuna, har masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ne ke lalacewa a kowane minti da ya wuce ba a yi magani ba. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da alamun suka fara, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da ake kira siti sikan an tabbatar toshewa ce, domin idan fashewa ce allurar za ta ƙara zubar jinin. Wannan ne ma ya sa ba a so a ba mutum asfirin a gida kafin a san wane iri ne ya same shi. Gaskiya ne allurar tana da tsada kuma ba kowane asibiti ke da ita ba, amma ko babu ita, zuwa da wuri yana ba likitoci damar daidaita jini da sukari, su duba numfashi da haɗiya, su hana ciwon jawo wasu cututtukan.

Ranku ya daɗe, ku auna wannan da tafiyar da muke ɗora marasa lafiyarmu a kai. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, yini da kwana a cikin mota, mutum a jingine tsakanin buhuna, ba ya iya cewa yana jin fitsari, ba ya iya haɗiye yawunsa. Na san abin da ke sa mu yin haka, domin ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru da aka kawo shawarar: tsoron kuɗin asibiti, tsoron baƙunta, da tsoron wahalar ɗaukar gawa idan ta Allah ta kasance. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, amma motar tana cinye daidai awannin da za a iya ceto hannun mutum da maganarsa, alhali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana nan a Idi-Araba, maƙwabcin ɗaya daga cikin tsofaffin zangunanmu, na Jami'ar Jihar Legas yana Ikeja, ba nisa da Agege, ga manyan asibitocin gwamnati a Orile-Agege da Gbagada, ga kuma lambobin gaggawa na jiha, 767 da 112, da ake kira kyauta.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato maganar harshe. A Hausa kalma ɗaya muke da ita ga tsokar da ke cikin baki da kuma yaren da muke yi, don haka idan magana ta ɗauke sai mu ce harshensa ya yi nauyi, mu tsaya a nan. To amma abu biyu ne daban. Akwai wanda tsokokin bakinsa ne suka raunana, maganarsa tana fita a dagule kamar ta mai barci, amma kalmominsa daidai suke, kuma idan ka ba shi takarda zai rubuta abin da yake nufi. Akwai kuma wanda ma'ajiyar kalmomin ce ta taɓu a cikin ƙwaƙwalwa. Ga mafi yawan mutane wannan ma'ajiya tana ɓangaren hagu na kai, kuma da yake ɓangaren hagu ne ke sarrafa dama na jiki, shi ya sa za ku lura cewa wanda damansa ya shanye shi ya fi rasa magana. Tun a 1861 wani likita a birnin Paris mai suna Paul Broca ya bayyana labarin wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", kuma bayan rasuwarsa aka ga lalacewar a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Da na ji wannan labari, "to, to" ɗin baffana na tuna. A 1874 kuma wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana ɗaya nau'in, inda mutum yake zuba magana ba tsayawa, da murya mai kyau da karin harshe daidai, amma kalmomin ba su haɗuwa su ba da ma'ana, shi ma kuma ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa. Irin wannan ne muke saurin cewa ya zautu ko aljanu ne ke magana da bakinsa, har a ɗaure shi ko a yi ta yi masa hayaƙi, alhali jijiya ce ta toshe. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun wannan matsala ta magana.

Ga Bahaushen Legas wannan lalura ninki biyu ce. A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, ma'aikaciyar jinya ta yi wa baffana tambaya da Turanci bai amsa ba, ta yi da Yarbanci bai amsa ba, sai ta ɗauka baƙo ne da ba ya jin yaren gari. Mutumin da ya shekara 30 yana ciniki da matan Yarbawa, yana yi musu barkwanci da yarensu! Sai da aka kwana biyu kafin wani ya tambaye mu ko da Hausa yana magana, muka ce ko sunan matarsa ba ya iya kira. Ban riƙe ma'aikaciyar a zuciya ba, domin ba ta da hanyar sani. Likita ba zai iya auna maganar mutum da yaren da shi likitan ba ya ji ba. Yana buƙatar wanda zai tsaya a gefensa ya ce masa: wannan kalmar da ya faɗa babu ita a Hausa, ko kuma an nuna masa cokali ya ce wuƙa, ko an ce ya rufe ido ya buɗe baki. Mai tafinta a nan yana cikin kayan aikin gano cutar, kamar yadda abin awon jini yake.

Ina roƙon malamai su ji wannan da kyau: wanda maganarsa ta ɗauke, galibi hankalinsa yana nan. Na sha ganin baƙi sun shigo gaishe da baffana, su zauna a gabansa suna tattauna bashin da ake binsa da wanda zai gaji shagonsa, kamar babu shi a ɗakin, shi kuwa hawaye na bin kumatunsa. Wasu kuma su riƙa ɗaga murya kamar kurma suke yi wa magana. Abin da yake buƙata shi ne a fuskance shi, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a taƙaita jimla, a yi tambayar da za a amsa da e ko a'a, a kuma ba shi lokaci ba tare da an ƙarasa masa zance ba. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne ranar da ƙanena ya fara karanta Fatiha a kusa da shi, sai muka ji baffa ya bi shi har ƙarshe, kalma bayan kalma, mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Likita ya ce mana abu ne sananne, domin abin da mutum ya haddace ya maimaita dubban lokuta yakan tsira ko da maganar yau da kullum ta tafi. Daga nan muka riƙa farawa da karatu da ƙirge kafin mu shiga koya masa sunayen 'ya'yansa.

Idan ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, magana takan tsira, amma wani abin da ya fi wuyar ganewa yakan bayyana. A ɗakin da aka kwantar da baffana akwai wani bawan Allah, direban babbar mota, wanda kullum idan matarsa ta kawo masa abinci sai ya cinye rabin da ke dama ya bar na hagu, ya ce bai ƙoshi ba. Matar ta yi kuka, a zatonta wulaƙanci ne. Wata ma'aikaciya ta zo ta juya farantin, sai ga shi ya ci gaba da ci kamar sabon abinci aka kawo. Idonsa lafiya lau, amma ƙwaƙwalwarsa ta daina lissafi da duk abin da ke hagunsa, har hannunsa na hagu yakan manta da shi a rataye a gefen gado, kuma idan aka ce ba shi da lafiya sai ya musa, ya nemi makullin motarsa. Akwai wanda rabin ganinsa ne ke tafiya a idanun biyu, akwai wanda zai kalli fuskar ɗansa bai gane shi ba sai ya yi magana, akwai wanda ƙarfinsa na nan amma ya riƙe buta ya rasa ta inda ake fara alwala. Irin waɗannan ba taurin kai ba ne, kuma mutum mai irin wannan lalura idan aka bar shi ya koma tuƙi ko ya tsallaka titin Legas shi kaɗai, an jefa shi da wasu cikin haɗari.

Haka nan rashin ji a fata. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, mu kuwa al'adarmu ita ce gashi da ruwan zafi, sai a wayi gari fata ta saluɓe majinyacin bai ce uffan ba. Masu ciwon sukari da ya daɗe su ma jijiyoyin ƙafarsu sukan mutu a hankali, abin ya fara da jin kamar ana tsira allura ko ana tafiya a kan auduga, har mutum ya taka ƙusa a mayanka ko a kasuwar gwari ya yini bai sani ba, daga nan gyambo, daga gyambo sai yanke ƙafa. Duba tafin ƙafa kowane dare da sanya takalmi mai rufi ba su da tsada. Game da rawar hannu da sanyin tafiya da ke kama wasu dattawa, wadda ake kira cutar Fakinsin, irin wadda zakaran dambe Muhammad Ali ya yi fama da ita, ina so a sani cewa tana da maganin da ke sassauta ta ƙwarai, kuma a nan Jami'ar Legas akwai ƙwararru irin su Farfesa Njideka Okubadejo da suka yi suna a duniya kan binciken ta.

Allah ya gafarta malamai, ba na cikin masu raina addu'a, kuma tofi da karatu su ne suka riƙe zukatanmu a kwanakin nan. Roƙona ɗaya ne: kada a zuba komai a bakin wanda wannan ciwo ya kama, ko rubutu ne, ko zamzam, ko kunu, sai an gwada haɗiyarsa a asibiti. Ciwon yakan raunana maƙogwaro, ruwan ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da ciwon huhu su taso, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe majinyatan da suka tsallake bugun farko. A yi tofi, a shafa, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti. Ku kuka karantar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma idan wannan gargaɗi ya fito daga kan mumbari zai shiga inda maganar likita ba ta shiga.

Tushen abin kuwa sananne ne. Wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yake cikin jagororinsa, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga ciki, ya nuna a sakamakon da aka wallafa a 2018 cewa hawan jini shi ne kan gaba da nisa cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa muke raina shi. Baffana an taɓa gaya masa jininsa ya hau, ya sha magani wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Makonni kaɗan kafin ya faɗi, hannunsa ya taɓa mutuwa na 'yan mintuna yana ƙirga kuɗi, sannan ya dawo, muka ce gajiya ce, ashe gargaɗi ne da ya kamata ya kai mu asibiti a ranar. Rayuwarmu a nan ma tana taimaka wa ciwon: abincin kan titi mai yawan gishiri da dunƙulen magi, ƙarancin barci, taba, da zaman shago daga safe zuwa dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma awon jinin da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka yana buƙatar ganin likita.

Saboda haka nake roƙonku, ranku ya daɗe, ku fitar da matsaya ɗaya da kowane zango zai sani: duk wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta rikice farat ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin, a nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, kuma kada shugaban tasha ya yarda a ɗora shi a motar Arewa sai likita ya sallame shi. Kuɗin da muke haɗawa cikin awa ɗaya domin mota ko domin ɗaukar gawa, a mayar da shi asusun da zai biya kuɗin hoto a daren farko, kuma shugabannin kasuwa su zauna da hukumar inshorar lafiya ta jiha su ga yadda mambobinsu za su shiga shirinta na inshora mai suna Ilera Eko. Na'urar awon jini ta batir ba ta fi ƙarfin kowane masallacin Juma'a ba, kuma muna da 'ya'ya da suka karanci aikin jinya da za su zauna awa ɗaya bayan sallah su auna jama'a, tare da ware rana da mace ma'aikaciya domin iyayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda su ma ciwon bai ƙyale su ba. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe domin wannan ciwo, kuma huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita za ta dace da wannan bayani.

Fadar kowane sarki kuma ta tanadi sunayen matasa maza da mata masu jin Hausa da Turanci da Yarbanci, a miƙa lambobinsu ga manyan asibitocin da ke kusa, domin a kira su idan an kawo Bahaushen da ba ya magana. Wannan ba ya buƙatar kasafin gwamnati, umarninku kawai yake jira.

Sai kuma waɗanda suka rayu. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, idan ana zuwa sashen gashin ƙashi na asibiti ana kuma maimaita motsa jikin a gida, ana juya majinyaci a kan gado saboda gyambon kwanciya, ba a kuma jan sa ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar takan goce. Masu koyar da magana ƙalilan ne a ƙasar nan, mai jin Hausa a cikinsu a Legas ya fi ƙaranci, don haka nauyin yana kan iyali, kuma iyali suna gajiya idan jama'a ta janye. Jihar Legas tana da dokar kare masu buƙata ta musamman tun 2011 da ofishin LASODA da ke kula da ita, akwai kuma dokar tarayya da ta hana nuna musu wariya wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, kuma 'yan'uwanmu da suka nakasa a nan suna da haƙƙi a cikinsu idan akwai mai yi musu jagora. A masallatanmu ma a duba matakala da wurin alwala, a ajiye kujeru a gefen sahu, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa.

Baffana yanzu yana takawa da sanda, yana jan ƙafar dama, hannun kuwa bai dawo ba. Yana iya kiran sunayen 'ya'yansa huɗu cikin shida, kuma ranar Juma'a mukan kai shi shago ya zauna a kan tabarmarsa, yana zaɓen goro da hannun hagu, tsofaffin abokan cinikinsa suna tsayawa su gaishe shi. A shirye nake in zo fadar duk wanda ya kira ni cikinku, tare da ma'aikacin lafiya mai jin Hausa, mu yi wa jama'a wannan bayani baki da baki, kuma sunana zai zama na farko a takardar masu tafinta ta Agege.

Allah ya ja zamaninku, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
daga Agege, Legas.